Felix Wankel: maƙerin injin mota da bai taɓa samun parmin tuƙi ba

Duk wanda ya taɓa tsayawa a gareji ya ga an kwance injin mota ko na babur, ya san piston, wato ƙarfen nan da ke hawa yana sauka cikin raminsa kamar taɓarya cikin turmi. Manyan motocin da ke ɗauko mana albasa da wake da siminti, da baburan ƴan kabu-kabu da ke kai mu kasuwa, duk da wannan dakan suke tafiya. To, yau za mu ba ku labarin wani Bajamushe mai suna Felix Wankel, wanda ya ƙi yarda da daka, ya ƙare rayuwarsa wajen neman inji mai juyawa kawai kamar mazarin kaɗi.

Ya samu abin da ya nema, kuma ya yi arziki da shi. Amma kampanonin da suka yi rububin sayen dabararsa, da yawansu asara suka kwasa, saboda injin ya zo da aibin da ba a gani ranar ciniki: yana zubar da ɗanyen mai cikin hayaƙinsa. Wani ɗan pampon iska ne ya rufa masa asiri, kuma har yau masu irin waɗannan motoci suna gardama a kan ko a bar pampon ko a cire shi. Labarin ƙira ne, amma ɗan kasuwa zai ga kansa a ciki.

Maraya mai sayar da littattafai

An haifi Felix Wankel ranar 13 ga watan Agusta na shekara ta 1902 a garin Lahr, kudu maso yammacin ƙasar Jamus, ba nisa da iyakar Faransa. Mahaifinsa ma'aikacin gandun daji ne, kuma ya mutu a fagen daga a shekara ta 1914, farkon yaƙin duniya na ɗaya, lokacin yaron yana ɗan shekara 12. Daga nan uwar ta ɗauke shi suka koma birnin Heidelberg. Ya bar makaranta a 1921 ba tare da ya samu takardar da ke buɗe ƙofar jami'a ba, sai ya shiga koyon ciniki a wani gidan buga littattafan ilimi. A nan ne ya riƙa karanta littattafan da aka ba shi ya sayar.

Zamanin kuwa mai wuya ne. A 1923 kuɗin Jamus suka lalace har ana zuwa sayen burodi da kwandon takardun kuɗi. Waɗanda suka ga faɗuwar darajar sefa a 1994 sun ɗanɗana kaɗan daga irin wannan ɗaci, amma na Jamus ya wuce misali. A cikin wannan hali ne, a 1924, Wankel da abokansa suka buɗe wata ƴar maƙera a rumfar bayan gida, suna kwance injuna suna ɗaurawa bayan an tashi daga aiki. A 1926 ya rabu da gidan littattafan, ya koma maƙera gaba ɗaya. Bai iya dogon lissafin injiniyoyi ba, amma yana da baiwar ganin yadda ƙarafa za su juya cikin juna tun kafin a zana su a takarda. A 1929 ya karɓi takardarsa ta farko ta mallakar ƙirƙira a kan inji mai juyawa.

Tabon da ba ya gogewa

Ba za mu ba ku tarihin mutum mu ɓoye muku munin da ke ciki ba. Tun yana saurayi Wankel ya shiga jam'iyyar Nazi ta Hitila, ya riƙa tara yara yana ba su horo irin na soja, har ya shugabanci matasan jam'iyyar a jiharsu ta Baden. Rigimar shugabanci ta haɗa shi da jagoran jam'iyyar na jihar, Robert Wagner, aka kore shi a 1932. Da ƴan Nazi suka hau mulki a 1933, Wagner ya sa aka jefa shi gidan kaso na wata shida. Wani na kusa da Hitila mai suna Wilhelm Keppler ne ya sa baki aka sake shi.

A 1936 ya auri Emma Kirn, suka koma garin Lindau da ke bakin tafkin Konstans. A can ma'aikatar jiragen sama ta gwamnatin Nazi ta zuba masa kuɗi ya kafa wurin bincike, ya yi wa injunan jiragen yaƙi aiki. A 1940 ma an ba shi muƙami a rundunar SS, kafin a cire shi bayan shekara biyu. Da aka ci Jamus da yaƙi a 1945, sojojin Faransa suka kama shi suka tsare na wasu watanni, suka kwashe kayan aikinsa, suka hana shi sana'arsa na ɗan lokaci.

Abu guda ya fita da shi daga waɗannan shekaru: ya zama gwani a fannin toshe kafa, wato yadda za a haɗa ƙarfe biyu masu motsi ba tare da iska ko wuta ta tsere ta tsakaninsu ba. Duk mai sayar da man gyaɗa ta san cewa tulu mai yoyo ba ya riba. Haka inji yake. Waɗanda suka riga Wankel tunanin inji mai juyawa, yoyo ne ya kayar da su.

Kusurwa uku cikin kwanson gyaɗa

A 1951 ya ƙulla yarjejeniya da kampanin NSU na garin Neckarsulm, wanda a tsakiyar shekarun 1950 ya fi kowane kampani a duniya ƙera babura. A 1954 Wankel ya gano siffar da ya daɗe yana nema. Ku ɗauki kwanson gyaɗa mai ƙwaya biyu, mai ɗan tsukakken ƙugu. Ku sa masa a ciki wani ƙarfe mai kusurwa uku, mai ɗan tudun gefe. Idan ƙarfen yana juyawa, bakunansa uku kullum suna manne da bangon kwanson, sai ya raba cikin ɗaki uku. A lokaci guda ɗaki ɗaya yana shan mai da iska, na biyu yana matsawa buji ya kunna wuta, na uku yana fitar da hayaƙi. Kowane zagaye ɗaya na ƙarfen, sandar da ke kai ƙarfi ga tayoyi tana juyawa sau uku.

Injin farko ya tashi ranar 1 ga watan Fabrairu na 1957. Yana gudu lami lafiya ba girgiza, sai dai yana da wuyar sha'ani, domin a cikinsa har kwanson ma juyawa yake yi, kuma kafin a canza buji sai an kwance injin. Wani injiniyan NSU mai suna Hanns Dieter Paschke ya sauƙaƙa shi, ya tsayar da kwanson wuri guda ya bar ƙarfen ciki yana zagayawa. Wankel bai ji daɗin wannan gyara ba ko kaɗan, yana ganin an mayar masa da dokin sukuwa dokin jan garma. Amma na Paschke ɗin ne ya shiga kasuwa, ko da yake sunan Wankel ne ya bi shi.

Rububin lasisi

Injin ƙarami ne, ba nauyi, kayan cikinsa kaɗan ne, ga ƙarfi. Nan da nan labari ya bazu cewa piston ya gama yayi. Kampanin Curtiss-Wright na Amurka ne ya fara sayen lasisin ƙera shi a 1958. Toyo Kogyo na birnin Hiroshima a Japan, mai motocin Mazda, ya saya a 1961. Daimler-Benz mai Marsandi ya saya, haka Citroën na Faransa ya shiga haɗin gwiwa da NSU, Suzuki ma ya sa shi a babur. A 1970 General Motors, wanda ya fi kowa girma a lokacin, ya amince ya biya dalar Amurka miliyon 50.

A nan ne wayon Wankel na ciniki ya fito. Bai gina masana'anta ba, bai ci bashin banki ya ƙera mota ko ɗaya ba. Shi da abokin cinikinsa Ernst Hutzenlaub sun kafa kampanin da aikinsa kawai karɓar rabonsu daga kuɗin lasisi. Wanda ya saya ya ci riba ko ya faɗi, su dai nasu ya shiga aljihu.

Wahalar ta faɗa kan masu ƙerawa. NSU ya fitar da ƴar motarsa Spider a 1964, sannan a 1967 ya fitar da Ro 80, mota kyakkyawa da aka zaɓa gwarzuwar motocin Turai ta 1968. Sai dai ƴan ƙarafan da ke toshe bakunan nan uku suna saurin cinyewa, injuna da yawa suka mutu tun ba su yi kilomita dubu 50 ba. NSU ya ba da garanti, dole ya riƙa canza wa mutane inji kyauta, har jarinsa ya karye. A 1969 Volkswagen ya haɗiye shi ya haɗa da Audi. An daina Ro 80 a 1977 bayan an ƙera kimanin dubu 37, kuma da ita sunan NSU ya ɓace daga kan motoci. Citroën kuwa motoci 847 kawai ya yi na samfurin GS Birotor, daga baya ya bi masu su yana sayewa yana farfasawa don ya huta da neman kayan gyara.

A Japan, Mazda ya ware injiniyoyi 47 a 1963 ƙarƙashin Kenichi Yamamoto, suka yi ta gwada ƙarafa iri-iri har suka samu abin toshiyar da ba ya karce bangon kwanso. A 1967 suka fitar da Cosmo Sport. Sun magance yoyo, amma akwai sauran rina a kaba.

Hayaƙi da pampon iska

Ɗakin da mai ke ƙonewa a injin Wankel dogo ne kuma siriri, ga shi yana tafiya yayin da wuta ke ci. Saboda haka wutar ba ta kaiwa lungu-lungu, wani kaso na man yana fita ta salansa ɗanye. Ƙari a kan haka, da gangan ake ɗiga man inji kaɗan-kaɗan cikin ɗakin don bakunan nan uku su samu santsi, shi ma yana ƙonewa ya bi hayaƙi. Wato injin yana shan mai da yawa, kuma hayaƙinsa yana da yaji a ido da maƙogwaro.

A 1970 Amurka ta kafa doka mai tsanani ta tsabtace iska, wadda ta tilasta wa masu ƙera motoci su rage dafin hayaƙi da kashi 90 cikin 100 a ƴan shekaru. Dabarar da Mazda ya yi, duk macen da ta taɓa girki da ɗanyen ice ta san ta. Idan murhu yana hayaƙi, mafici ake ɗaukowa a fifita, iska ta shiga, hayaƙin ya koma harshen wuta. Sai suka ɗaura wa injin pampo wanda bel ke juyawa, yana tura sabuwar iska daidai bakin da hayaƙi ke fita. A wurin suka sa wata tukunyar ƙarfe mai riƙe zafi, inda ɗanyen man ke haɗuwa da iskar ya ƙarasa ƙonewa kafin ya fita waje. Da wannan pampo da tukunya ne motar Mazda ta ci jarrabawar hukumar kare muhalli ta Amurka a 1973, a lokacin da manyan kampanonin ƙasar ke roƙon a ɗaga musu ƙafa.

Amma kowane magani da kuɗinsa. Don wutar tukunyar kada ta mutu, sai an ƙara wa injin mai fiye da buƙatarsa. Ana cikin haka, a watan Oktoba na 1973, ƙasashen Larabawa suka rage fitar da man fetur saboda yaƙinsu da Isra'ila, farashi ya ninka kusan sau huɗu. Motar da jiya ake layi a kanta, yau ta zama kayan kwantai. General Motors ya jingine shirinsa a 1974 duk da kuɗin da ya zuba. Mazda ya kai bakin karyewa, sai da bankin Sumitomo ya tallafe shi, aka kwashi ma'aikata daga masana'anta aka tura su tallan motocin da suka yi kwantai. Duk da haka bai saki injin ba. Ya rage masa shan mai, ya fitar da RX-7 a 1978, daga baya ya maye gurbin tukunyar da matatar hayaƙi irin ta sauran motoci. Pampon iska dai yana nan, domin ita ma matatar tana buƙatar iskar kafin ta iya da ɗanyen man.

Ƙarshen rayuwarsa

Wankel kuwa ya riga ya fita kasuwar tun tana ci. A 1971, shekara biyu kafin tsadar mai, shi da Hutzenlaub suka sayar da kampaninsu a kan kuɗin Jamus mark miliyon 100. Mai sayen shi ne Lonrho na Ingila, kampanin da a wancan zamani ya mallaki John Holt, wanda tsofaffin fatakenmu da ke zuwa Kano suka sani.

Mutumin da bai shiga jami'a ba, jami'ar fasaha ta Munik ta ba shi digirin dokta na girmamawa a 1969. Ya ci gaba da bincike a Lindau, ya fi mayar da hankali kan jiragen ruwa masu gudu. Ba su samu haihuwa ba shi da matarsa, wadda ta rasu a 1975. Ya sa wani kaso na dukiyarsa wajen kare dabbobi, kuma tun 1972 ya kafa kyauta ga masu binciken da ke rage azabtar da dabbobi a ɗakunan gwaji. Abin mamaki, duk tsawon rayuwarsa bai taɓa samun parmin tuƙi ba, saboda idanunsa ba sa gani nesa. Yana da Ro 80 tasa, amma direba ke jan shi.

Ya mutu a Heidelberg ranar 9 ga watan Oktoba na 1988 yana da shekara 86. Bai ga ranar da injinsa ya fi yin suna ba: a 1991 motar Mazda 787B ta lashe tseren awa 24 na Le Mans a Faransa, karo na farko da motar Japan ta yi haka. Mota ta ƙarshe da injin ke jan tayoyinta kai tsaye ita ce RX-8. An janye ta daga kasuwar Turai a 2010 don ta kasa cika sabuwar dokar hayaƙi, aka daina ƙera ta a 2012, bayan Mazda ya yi motoci masu wannan inji kusan miliyon 2. A 2023 ya sake dawo da shi cikin MX-30, amma a matsayin ɗan janareto mai cajin batir.

A bar pampo ko a cire?

Tsofaffin RX-7 da RX-8 yanzu suna hannun masu sha'awa a Amurka da Japan da Ostareliya da Ingila, waɗanda ke ƙara musu ƙarfi. Abin da suka fi saurin kai wa hannu shi ne pampon iska. Hujjarsu ita ce ya tare wuri, musamman idan za a ɗaura babban turbo, yana da nauyi, ga tarin bututu da ke tsufa suna yoyo, kuma idan ya lalace sabo yana da tsada. Wanda ya mayar da motarsa ta filin tsere kawai, ya riga ya cire matatar hayaƙi, gaskiya pampon ba ya da sauran aiki a wurinsa.

Amma ga motar da ke bin titi cikin mutane, lissafin daban ne. Ƙarfin da ake samu idan an cire shi ɗan kaɗan ne, direba ba zai ma ji bambanci ba. A RX-8 ma pampon na lantarki ne, yana aiki na ɗan lokaci ne kawai idan an tayar da inji da sanyi, saboda haka ba ya cin ƙarfin komai. A RX-7 kuwa, idan aka cire shi aka bar matata, ɗanyen mai yana taruwa a cikinta ta toshe da wuri, ita kuma ta fi pampon tsada. Sannan bel ɗin da ke juya shi yana taimakawa wajen juya pampon ruwa. Idan an cire ba a sa wani abin da zai riƙe bel ɗin ba, sai ya riƙa zamewa, ruwa ya daina zagayawa sosai, injin Wankel kuwa ba ya yafe zafi. A Amurka doka ta hana cire kayan tace hayaƙi daga motar titi, kuma a wuraren da ake gwada hayaƙi motar ba za ta samu takarda ba. Wanda ya zo sayarwa ma, mai saye yakan rage kuɗi idan ya ga an yi wa motar kwaskwarima irin wannan.

Irin waɗannan motoci ba su da yawa a garuruwanmu, wataƙila mai karatu bai taɓa ganin ko ɗaya ba. Amma matatar hayaƙi tana cikin mafi yawan motocin fetur na hannu da ake shigo mana da su daga Turai da Amurka, kuma sau da yawa akan cire ta a sayar saboda ƙarafa masu daraja da ke cikinta. Mai mota yana ciki ya rufe gilashi. Hayaƙin kuwa yana sauka ne a kan mai tuyar ƙosai a bakin titi, da mai tallan fura a tasha, da goyon da ke bayanta, tun safe har yamma.

Saboda haka, Alhaji mai sayen mota da Hajiya mai haɗa kuɗin adashi don a sayi ta haya, idan makanike ya nuna muku wani ƙarfe ya ce ba ya da amfani a cire, ku tambaye shi aikin da masu ƙera motar suka sa shi ya yi, da abin da zai lalace bayan an cire shi. Kampani ba ya kashe kuɗinsa a kan ƙarfen banza. Wankel ya sayar da dabararsa ya tashi da riba, NSU ya sa injin a mota bai gama bincike ba ya rasa har sunansa, Mazda kuwa ya zauna ya gano aibin kayan da ya saya, ya nema masa magani, ya ci kasuwa da shi shekara 45.